Guɗa Ko Kuka? Sharhi A Kan Rubuce-Rubucen Ranar Ɗaya Ga Oktoba

Gabatarwa

Kowace shekara idan watan Satumba ya raba tsakiya, mu malaman Hausa na makarantun sakandare mukan sami kanmu cikin wani aiki wanda ba ya cikin manhaja. Shugaban makaranta zai aiko a ce ana bukatar waƙa ko ɗan gajeren wasan kwaikwayo wanda yara za su gabatar ranar bikin 'yancin kai, shi kuwa malamin wasanni ya kwashe su zuwa fili koyon fareti. Ta wannan hanya ce, cikin shekarun da muka yi muna koyarwa a yammacin Jihar Zamfara, wato tsakanin ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi, muka tara takardu masu yawa: waƙoƙin ɗalibai da insha'insu, da waɗanda matasan marubuta kan kawo mu duba musu kafin su karanta a taron ƙungiya ko su aika gidan rediyo, har da waɗanda ake yaɗawa ta wayar hannu. A kan waɗannan rubuce-rubuce ne muke son yin ɗan tsokaci. Ba za mu kama sunan kowa ba, domin galibinsu masu koyo ne, kuma aibin da za mu nuna ba na mutum ɗaya ba ne, mu ma da muke koyar da su muna da namu kason.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne, duk wanda ya zauna da mutanen wannan yanki ya san idan ranar nan ta zo zuciyarsu biyu take. Suna son ƙasarsu, suna kuma jin ciwon halin da take ciki, har mutum ya rasa ko murna zai yi ko ta'aziyya. Amma da zarar an ɗauki alƙalami sai a zubar da rabin zuciyar, a rubuta da rabi. Wani ya yi guɗa zalla, wani ya yi kuka zalla. A ganinmu wannan shi ne babban raunin rubuce-rubucen, kuma daga gare shi ne sauran raunin salo da na jigo suka tsiro.

Rana ɗaya, biki biyu

Kafin mu shiga cikin rubuce-rubucen ya kamata mu tuna wa mai karatu matsayin wannan rana a wurin Bazamfare. Ran 1 ga Oktoba 1960 Nijeriya ta karɓi mulkin kanta daga hannun Ingila, aka yi bikin a filin sukuwa na Ikko, Gimbiya Alexandra ta wakilci Sarauniya, Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa yana Firayim Minista. Wannan kowa ya haddace. Sai dai mu a nan muna da ƙari, domin ran 1 ga Oktoba 1996 ne Janar Sani Abacha ya ba da sanarwar ƙirƙiro sababbin jihohi shida, ciki har da Zamfara wadda aka cire daga Jihar Sakkwato. A lokacin muna 'yan sakandare, kuma ba mu manta yadda aka kewaye akwatin rediyo ana sauraren jawabin ba, da yadda gari ya ɗauki sowa da aka ambaci sunan Zamfara. Dattawa suka riƙa tuna wa juna cewa sunan nan daɗaɗɗe ne, na daular da Gobirawa suka ci birninta a ƙarni na 18, sarautarta ta yi ta ƙaura har ta zauna a Anka. Saboda haka wanda ya ce Bazamfare ba shi da dalilin murna a wannan rana, bai san tarihi ba.

To, amma a dubi abin da shekarun baya-bayan nan suka haɗa mu da shi. A shekarar 2010, lokacin da ƙasa ke bikin cika shekara hamsin, wanda 'yan boko ke kira bikin zinariya, a nan zinariyar ce ke kashe mana yara. Duwatsun da ake haƙowa ana niƙawa a cikin gidaje, wani lokaci da injin niƙan hatsi ko a turmin daka, ashe cike suke da gubar dalma. Ƙurarsu ta bi ƙasar tsakar gida inda yara ke rarrafe. A ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega na ƙasar Anka, da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum, yara fiye da 400 suka rasu, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta zo ta yi shekaru tana jinya. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Bikin 2021 kuwa ya same mu makarantu a rufe, kasuwannin mako-mako a dakace, layukan waya a katse, bayan an sace 'yan mata 279 a makarantar Jangebe cikin watan Fabrairu, da wasu ɗaliban a Kaya ta ƙasar Maradun a farkon Satumba. Wata uku bayan bikin, a farkon Janairun 2022, 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen yankin suka ce sun kai wajen 200. A 2024 kuma ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a Gummi cikin watan Agusta, a Satumba kwale-kwale ya kife da manoma a kan hanyarsu ta zuwa gona.

Daɗin daɗawa, Oktoba watan kaka ne. An gaya mana koren da ke jikin tuta yana nufin noma, farin kuma zaman lafiya, jiharmu ma da noma take kirari a jikin lambar motocinta. Amma akwai ƙauyukan da sai manomi ya biya 'yan bindiga haraji kafin ya girbe abin da ya noma da hannunsa. Wannan shi ne mutumin da marubucinmu zai tsaya gabansa ya rera waƙar biki.

Waƙoƙin guɗa

Kashi na farko, kuma mafi yawa a hannun ɗalibai, su ne waƙoƙin yabo da murna. Zubinsu kusan ɗaya ne. A buɗe da sunan Allah da salatin Annabi, a kawo shekarar 1960, a jero sunayen Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Azikiwe da Awolowo, a kira Nijeriya uwa kuma giwar Afirka, a ce mu tsintsiya ne maɗaurinmu ɗaya, a rufe da addu'a. Ba mu ce akwai ƙarya a cikin ko ɗaya daga waɗannan ba. Matsalar ita ce, waƙar da aka rubuta a Gummi bara ba ta da bambanci da wadda aka rubuta a Haɗeja shekara talatin da suka wuce. Idan ka goge sunan makaranta daga saman takardar, babu abin da zai nuna maka inda mai waƙar yake zaune, ko abin da idonsa ya gani.

Akwai wani tarko na fasaha da muka lura yana kama waɗannan mawaƙa, kuma muna son masu koyo su kula da shi. Da yake sunan ƙasar yana ƙarewa da "ya", kusan kowa da shi yake yin amsa-amo. Da zarar an zaɓi wannan harafi, sai kalmomi su yi layi da kansu: lafiya, dukiya, gaskiya, moriya, tarbiyya, tsintsiya. Sai ka ga yaron da iyayensa suka kwana uku a daji suna ɓuya ya rubuta cewa muna zaune lafiya, ba don haka yake gani ba, sai don ƙarshen ɗango yana neman kalmar. A nan amsa-amo ya zama ubangida, ma'ana ta zama baiwa. Ka'idar da muka gada daga magabata ita ce mawaƙi ya san abin da zai faɗa tukuna, sa'an nan ya nemi harafin da zai ɗauke shi.

Kada kuma a ce ai yabo haka ya gada. Mu a ƙasar Zamfara da maƙwabtanta mun fi kowa sanin waƙar yabo, domin nan ne gidan Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru. Wanda ya saurare su da kunnen basira zai ji cewa yabonsu ba na iska ba ne. Sukan kama sunan kakan sarki, da garuruwan da ke ƙarƙashinsa, da dokinsa, da aikin da ya yi, sa'an nan su sako zambo da habaici ga maƙiyi ko ga ɗan sarkin da ya lalace. Har sarkin kansa sukan yi masa hannunka-mai-sanda a kan abin da sarauta ke bukata. Yabon da ke da nauyi shi ne wanda ya san wanda yake yabo. Waƙoƙin bikinmu kuwa suna yabon wata Nijeriya ce wadda ba ta da gari, ba ta da gulbi, ba ta da kasuwa.

Waƙoƙin kuka

Kashi na biyu ya fi fitowa daga matasan da suka gama makaranta, kuma shi ya fi karɓuwa a wurin taro, domin shi ake yi wa tafi. Jigonsa shi ne babu abin murna, 'yanci ƙarya ne, shugabanni ɓarayi ne, gara ma zamanin Turawa. Mun fahimci inda wannan zafi ya fito, mu ma ba a wata duniya muke ba. Amma aikin mai sharhi ne ya faɗi gaskiya ko da a kan wanda yake tausayi. Yawancin waɗannan waƙoƙi tagwaye ne da na kashi na farko. Harafin "ya" ɗin nan dai shi ne, an sauya masa kalmomi kawai: ƙarya, wuya, kunya, hayaniya, rijiya. Su ma ba su da gari, ba su da mutum. Za a ce jini yana kwarara, talaka yana kuka, amma ba za ka ga fuskar talaka ɗaya ba, ba za ka ji ko gero yake nomawa ko auduga ba. Kukan da aka yi wa kowa da kowa a dunƙule, ba ya sa kowa hawaye.

Sa'an nan maganar cewa gara zamanin Turawa tana nuna ƙarancin bincike. Wanda ya zauna da tsofaffi ya ji labarin haraji da jangali da aikin tilas na wancan zamani, da yadda aka kwashi mutane daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ba zai yi saurin furta haka ba. Fushi da ɗan'uwa ba ya mayar da wanda ya mallake ka ya zama uba.

Aibi mafi haɗari a wannan kashi shi ne kuɗin goro. Mun karanta waƙoƙin da suka ɗauki kabila guda suka ɗora mata laifin duk abin da ke faruwa, har da kalmomin da ba za mu iya maimaitawa a wannan mujalla ba. Wanda ya san yadda rikicin nan ya faro ya san akwai satar shanu a ciki, da cinye burtali da makiyaya, da zaluncin wasu masu shari'a da masu riƙe da ƙasa, da kisan da 'yan sa-kai suka yi wa waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, kamar yadda akwai ta'asar 'yan bindiga wadda ba ta da wani uzuri. A ajinmu akwai ɗan Bahaushe da ɗan Bafulatani a kan benci ɗaya, kuma kowannensu akwai wanda ya binne. Waƙa tana da saurin shiga baki, yara su haddace ta, ta daɗe bayan mai ita ya huce. Marubucin da ya zuba wa wutar nan mai a ranar da ake kira ranar haɗin kai, ya san zai amsa tambaya a kan alƙalaminsa.

Yadda magabata suka yi

Masu iya magana sun ce na gaba idon na baya. Bari mu ɗauki misali uku daga adabinmu.

Na farko Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, shekara biyu kafin ranar da ya yi wa gwagwarmaya. A cikin "Arewa Jumhuriya Ko Mulukiya" ba za ka iya raba ƙaunarsa ga Arewa da faɗan da yake yi mata ba. Yana alfahari da gadon Shehu Usmanu, a lokaci guda kuma yana gargaɗin sarakuna da talakawa a kan jahilci da zalunci da sakaci. Zuciya biyun nan da muke magana, shi bai zubar da ko ɗaya ba, shi ya sa har yau ake nazarin waƙar.

Na biyu Alhaji Shehu Shagari, wanda tun yana malamin makaranta kamarmu, a 1948, ya tsara "Waƙar Nijeriya" don koya wa yara labarin ƙasa. Darasin da ke cikinta a wurinmu shi ne kama suna: garuruwa da koguna da ƙabilu da abin da kowane yanki ke samarwa. Ya gane cewa yaro ba ya son ƙasar da bai san sunayen sassanta ba.

Na uku shi ne wanda muke son mu daɗe a kansa, wato littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934 bayan gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Mun daɗe muna koyar da wannan littafi a matsayin labarin zamanin bauta wanda ya wuce. Amma a 'yan shekarun nan idan muka karanta shi a aji, sai mu ji ajin ya yi tsit irin wanda ba mu saba ji ba. Dalili kuwa a fili yake. Labarin yaro ne da aka sace. Fadawa sun yi wa mijin uwarsa, Makau, sharri a wurin sarki bayan an dawo daga hari, aka kore shi daga gari, abin nan da ake cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. Gida ya watse, aka ɗauke yaron, ya faɗa hannun mahara, ya bi ta Kano har ya ƙare a hannun Balarabe Abdulkarim wanda ya tafi da shi ƙasar Masar. Uwar ta fita nemansa, ita ma aka kama ta aka sayar, ta ƙetare hamada cikin bauta, ba ta sake ganin ɗanta ba sai dab da ajalinta. Ɗalibanmu ba sa bukatar a yi musu bayanin mene ne hari, ko yadda uwa kan ji idan an tafi da ɗanta daji.

Abin lura ga marubuci shi ne yadda aka ba da labarin. Mai littafin bai cika shafuka da tsine wa masu cinikin bayi ba. Ya sa Shaihu Umar, dattijo masani a Rauta, yana ba almajiransa labarin cikin natsuwa, ya kama sunan gari bayan gari, ya bi uwa ɗaya da ɗa ɗaya. Bai ɓoye cewa Makau, mutumin kirki, shi ma mai zuwa hari ne ba. Bai kuma ɓoye cewa Abdulkarim, wanda ke cikin wannan ciniki, shi ne ya riƙe yaron kamar ɗansa ya ba shi ilmi ba. Ana iya kushe littafin da cewa haƙurinsa ya yi yawa, bai fito fili ya yi Allah wadai da bauta ba, kuma wannan suka ce mai tushe. Duk da haka mai karatu yana rufe littafin da ƙin bauta a ransa, domin ya ga abin da ta yi wa mace ɗaya wadda ya sani. Mutumin da ya rubuta wannan shi ne ya tsaya a Ikko ran 1 ga Oktoba 1960. Ɗalibanmu suna jero sunansa a baiti kowace shekara, amma ba su ɗauki darasin alƙalaminsa ba.

Bayan samun 'yanci ma ba a rasa masu bin wannan hanya ba. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, waɗanda suka fito a 1982, sun nuna cin hanci da fasa-ƙwauri da ta'addancin masu bindiga ta hanyar taurari masu suna da hali, tun kafin abin ya iso ƙofar gidajenmu.

Wani insha'i da ya ba mu kunya

Domin kada a ce sai manya ke iyawa, ga misali daga aji. Wata shekara bayan biki mun ba 'yan aji biyu na babbar sakandare insha'i a kan yadda suka yi bikin 'yancin kai. Cikin takardun akwai ta wata yarinya wadda iyayenta suka gudo daga ƙauye suka zauna a gari, kamar dubban da suka cika Anka har wasu suka fake a ginin sabuwar fadar sarki da ba a kammala ba. Ba ta kawo shekarar 1960 ba, ba ta ambaci ko shugaba ɗaya ba. Ta ba da labarin yadda ta wanke kayan makarantarta tun jajibere, uwarta ta aro dutsen guga na gawayi a maƙwabta. Ta ce tana cikin fareti ta hango babanta a bayan taro yana ɗaga wuya don ya gan ta, da layinsu ya zo wucewa ya yi ta tafi har hularsa ta faɗi. Ta ce ta ji daɗi ƙwarai. A hanyar komawa gida sai ya tsaya ya dubi wata gonar gero a bakin gari, ya murza zangarniya ɗaya a hannunsa, ya ce da suna gida da yanzu sun gama ɗaure nasu. Daga nan bai ƙara magana ba har suka isa. Nan insha'in ya ƙare.

Mun ba ta maki kaɗan. Babu gabatarwa, babu kammalawa, ba ta raba sakin layi ba, ga kurakuran ƙa'idar rubutu, tana haɗe kalmomin da ake rabawa. Wanda ya sami maki mafi yawa shi ne yaron da ya jero shugabannin ƙasa tun daga na farko. Sai bayan kwanaki, muna sake duba takardun, muka gane cewa a duk tarin nan ita kaɗai ta rubuta gaskiyar ranar. Murnarta ta gaske ce, baƙin cikin uban na gaske ne, kuma ta bar su gefe da gefe ba ta ce ɗaya ya kori ɗaya ba. Ba ta yi amfani da kalmar tsaro ko gudun hijira ko sau ɗaya ba, amma zangarniyar geron nan ta faɗi abin da baiti hamsin na kuka ba su faɗa ba. Kurakuranta na ƙa'ida ana gyara su cikin zango ɗaya. Abin da take da shi kuwa, wato ido, shi ne muke kashewa a wurin yara da irin makin da muke bayarwa. Wannan laifi namu ne mu malamai, kuma mun amsa shi.

Shawarwari ga masu tasowa

Na farko, marubuci ya fara daga inda ƙafarsa take. Idan a Gummi kake, gulbi da fadama da kwale-kwalen manoma suna gabanka. Idan a Bukkuyum ko Anka kake, ga ramukan zinariya, ga kasuwar da ta ci rabi ta watse, ga makarantar da ta koma masaukin baƙi. Nijeriyar da ka sani ke nan, ita za ka yaba, ita za ka yi wa faɗa.

Na biyu, a tuna da tazarar da ke tsakanin 58 da 200. Hukuma tana da lissafinta, jama'a suna da nasu, kuma shekaru kaɗan masu zuwa duka biyun za su zama lambobi a takarda. Abin da zai rage shi ne abin da marubuta suka adana: wane iri ne mutumin, me yake nomawa, wa ya bari. Ba muna cewa a kama sunan mai rai a jefa shi cikin haɗari ba, kowa ya san halin da ake ciki game da masu kai rahoto daji. Ƙagaggen labari yana da wannan amfani, ana sauya suna a bar gaskiya.

Na uku, kada a ji kunyar murna. Akwai abin godiya: likitoci da ma'aikatan da suka kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidajen Bagega a 2013 har yara suka koma wasa a tsakar gida, da mutanen gari da suka raba ɗaki da baƙin da ba su taɓa gani ba, da yaran da har yau suke zuwa makaranta da ƙafa. Wanda ya rubuta waɗannan bai yi wa kowa fadanci ba.

Na huɗu, a sassauta wa harafin "ya". Hausa tana da faɗi. A gwada wani amsa-amon, ko a bar waƙa a gwada gajeren labari ko wasan kwaikwayo idan abin da ke rai ya fi ƙarfin baiti.

Kammalawa

Ana yawan tambayarmu, shin ya dace a yi biki a irin wannan hali? Gwamnatin Tarayya kanta ta soke faretin cika shekara 65 a 2025, wasu suka yaba, wasu suka kushe. Mu dai ba mu da hurumin yanke wa jama'a wannan hukunci, kuma ba mu ga laifin wanda ya fita fili ko wanda ya zauna gida ba. Abin da ya shafe mu a matsayin marubuta shi ne abin da za mu bari a takarda. Idan jikokinmu suka buɗe wannan mujalla suna son sanin yadda mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum suka ji a ranar ɗaya ga Oktoba ta waɗannan shekaru, waƙar guɗa zalla za ta ce musu ba abin da ya faru, ta kuka zalla kuma ta ce musu ba wanda ya rage da rai da fata. Duka biyun ba haka abin yake ba.

Muna roƙon reshen ƙungiya na kowace jiha, musamman namu na Zamfara, idan za a yi karatun watan Oktoba mai zuwa, a nemi kowane mai gabatarwa ya kawo abu ɗaya da ya gani da idonsa a garinsu. Mu ma a namu ɓangaren mun sauya yadda muke ba da makin insha'i. Wanda yake da ja a kan abin da muka faɗa, filin mujalla a buɗe yake, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya mayar da na daji gida, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.